3.4 Jigon Rabuwar Gida a Fim Ɗin Half of a Yellow Sun

Biyi Bandele ne ya shirya wannan fim a 2013, daga littafin Chimamanda Ngozi Adichie na 2006. Idan aka nazarci zubinsa, za a tarar gida ya riga ƙasa tsagewa. Odenigbo ya ci amanar Olanna, ita kuma ta huce haushinta ta hanyar kwana da Richard, masoyin Kainene, wadda suke tagwaye. Ke nan gaba ta shiga tsakanin 'yan ciki ɗaya tun kafin Ojukwu ya ayyana Biyafara a 1967. Yaƙin ne ya sasanta su, kuma shi ya raba su, domin Kainene ta tafi fatauci ƙetaren fagen daga, ba ta dawo ba.

Sai dai akwai rauni. Ugwu, yaron gida, wanda littafin ya ba shi babban matsayi, a nan ɗan rakiya ne kawai. Wannan ya sa kishin Biyafara ya zama na 'yan bokon Nsukka masu muhawara a falo, ba a ji ta bakin talaka ba. Haka ma fitowar kisan filin jirgin saman Kano na 1966: mai kallo bai ga komai game da sojojin ba, sai kaki da bindiga.