Ishara da Urfi: Nazari a kan Maganar Jiki da Saɓanin Fahimta a Ƙasar Jega

Malaman balaga na farko ba su taƙaita bayani ga abin da harshe ke furtawa ba. Jahizu, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya ƙidaya hanyoyi biyar waɗanda ma'ana ke bi ta fita daga zuciyar mutum ta isa ga ɗan'uwansa, wato lafazi, da ishara, da lissafi da yatsu, da rubutu, da kuma halin da abu ke ciki wanda ke ba da labarin kansa ba tare da furuci ba. Malaman fiƙihu ma ba su yi wa ishara riƙon sakainar kashi ba, domin a mazhabar Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ya nuna yarda, ko da miƙawa da karɓa ne kawai, isharar bebe tana tsayawa a matsayin maganarsa, shirun budurwa kuma ana lissafta shi izini a babin aure. To, abin da ke da ƙarfin ƙulla ciniki da aure, lalle yana da ƙarfin warware zumunci idan aka fassara shi a karkace. Abin da nake nufin tabbatarwa a nan shi ne, ishara ba ta da wata ma'ana tata ta kanta, urfin mutane ne ke ba ta ma'ana, saboda haka wanda ya hukunta motsin baƙo da urfin garinsu ya yanke hukunci ba da shaida ba.

Da wuya a sami wurin da ya fi Jega dacewa da wannan bincike. Garin ya kafu ne a bakin Gulbin Zamfara a hannun Buhari ɗan Malam Abdussalami da jama'arsa Gimbanawa, 'yan shekaru bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, kuma tun ƙarnin bai ƙare ba kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, inda fataken goro masu dawowa daga Gwanja suke haɗuwa da masu gishiri da kanwa, da Nufawa da Yarbawa masu tufafi, da Zabarmawa, da Fulani masu shanu, da Buzaye, da Dakarkari da Kambari na ƙasashen kudu da gulbi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da harshensa, kuma ya zo da irin zamansa da tsayuwarsa da kallonsa da shirunsa, waɗanda ba ya sauke su a bakin ƙofar gari kamar yadda yake sauke kayansa.

Hikimar da magabata suka yi wa wannan cakuɗa ita ce fatoma da dillali. Baƙo ba ya faɗawa kasuwa kai tsaye. Yana sauka ne gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa dukiya, ya tsaya masa a kan bashi, ya haɗa shi da dillalin da zai yi magana a madadinsa a karɓi la'ada. Masu tarihin kasuwanci sun fi kula da wannan fuska ta dukiya, amma akwai wani aikin da fatoma ke yi wanda ba a biyansa la'ada a kai, shi ne tafintan ɗabi'u: shi ke gaya wa baƙo inda zai tuɓe takalmi, da wanda zai fara gaisarwa, da hannun da zai miƙa kuɗi, shi ne kuma ke gaya wa mutanen gari cewa ɗaga muryar nan ta baƙonsa ba faɗa ba ne, haka suke magana a ƙasarsu. Husuma da yawa ta mutu a zauren fatoma tun ba ta kai gaban alƙali ba.

Mu fara da hannu, domin shi ne ya fi sauran gaɓoɓi yawan magana. Buɗe yatsu biyar a fuskar mutum, wato daƙuwa, zagi ne mai kaiwa ga iyaye a ƙasar Hausa, kuma mutanen Girka ma suna ɗaukar irinsa cin mutunci. Amma a wurin Bature ko ɗan Amurka bai wuce ƙidayar biyar, ko neman a dakata, ko gaisuwa daga nesa ba, har ma ga shi yanzu an zana hotonsa a cikin wayoyin hannu, yaro ya aika wa babba da nufin gaisuwa, babba ya karɓa da ɓacin rai. Mu muna yafito mutum da tafin hannu yana duban ƙasa, Bature ya ga haka ya zaci ana korarsa ko ana yi masa ban kwana. Shi kuwa yana kira da yatsa ɗaya a lanƙwashe, abin da dattijonmu ba zai yarda a yi wa ɗansa ba, balle shi. Alhajin da ya je Makka ya ga askari ya tattara yatsunsa sama yana kaɗawa a hankali, zai iya tuna yadda ake nuna loma a gida, alhali Balarabe cewa yake yi a yi haƙuri a jira. Hannun hagu kuwa, wanda sunna da al'ada suka haɗu a kan nisanta shi daga ci da bayarwa, babu wani aibu a kansa a yawancin ƙasashen Turai, sai malamin asibiti ya miƙa magani da hagu zuciyarsa fari fat, majinyaci ya koma gida yana cewa an wulaƙanta shi. Haka tagumi yake alamar baƙin ciki a wurinmu, har babba ya sa hannu ya cire wa yaro, a wurin wasu kuwa zaman mai tunani ne. Haka maƙe kafaɗa yake ƙin yarda a wurin yaronmu, ɗaga kafaɗu kuwa rashin sani ne a wurin Bature.

Babin girmamawa ya fi wannan zurfi, domin a nan ne kowace al'umma take ganin ita ce mai ladabi. Yaron da aka yi wa tarbiyya a Jega, in babba na yi masa magana, sai ya sunkuyar da kai ya kafa ido a ƙasa, domin tsura wa babba ido tsaurin ido ne. Malamin da ya tashi a inda ake auna gaskiyar mutum da haɗa ido zai ga wannan yaro ya ce yana ɓoye laifi, sai ya tsananta masa a kan ya dube shi, yaro kuwa ya ƙara sunkuyawa, kowannensu yana ƙara nisa da ɗan'uwansa da gwargwadon ƙoƙarinsa na gyarawa. Bature yana cire hula ya bar takalmi in ya shiga wurin mai daraja, mu muna cire takalmi mu bar hula, har ma tuɓe rawani a wurinmu alamar raba mutum da sarauta ce. Wanda ya ɗaga dunƙulallen hannu a gaban Sarkin Kabin Jega yana cewa “Ranka shi daɗe” jinjina yake yi, mubaya'a ce da biyayya, alhali a wasu ƙasashe dunƙulallen hannu alamar barazana ce ko tawaye. Bayarabe yana kwanciya rub da ciki a gaban mahaifinsa, Bahaushe ya ga abin ya yi kama da sujada ya ƙyamace shi, ya manta cewa durƙuson da shi kansa yake yi bai kuɓuta daga maganar malamai ba. Ya kamata a tuna cewa urfinmu ma ya sauya: afi, wato zuba ƙasa a ka a gaban sarki, wanda Ibn Battuta ya gani a fadar Mali a tafiyarsa ta 1352, yana cikin al'adun sarakunan Hausa da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a Kitabul Farƙi, kuma yau ya kau. Abin da ya kasance ladabi jiya ya zama abin ƙi yau a gari guda, yaya za a yi mamaki in ya saɓa tsakanin gari da gari?

Sai kuma salon zance kansa, wanda saɓaninsa ya fi na hannu ɓoyuwa, saboda haka ya fi shi ɓarna. Bahaushe ba ya shiga buƙata sai ya share mata fage da sallama da tambayar kwana da gajiya da iyali da kasuwa, wanda ya tsallake wannan kuwa ya faɗi abin da ya kawo shi, an ɗauke shi marar muru'a ko da buƙatarsa halal ce. Baƙon da ya saba da ƙididdige lokaci kuma yana ganin wannan doguwar gaisuwa kewaye-kewaye ne. Mai daraja a wurinmu yana sassauta murya, yana taƙaita lafazi, har sarki kan sa amawali ya bar wani ya ɗaga maganarsa, alhali a wasu sassan Nijeriya ƙarfin murya da motsin jiki shaidar gaskiya ne da kuzari, sai mu ce suna da hayaniya, su ce muna da ƙumbiya-ƙumbiya, kuma duka hukuncin biyu zalunci ne. Mafi wuyar duka shi ne yadda muke ƙin abu: kunya ba ta barin mutum ya ce wa baƙonsa a'a ƙiri-ƙiri, sai ya ce “sai na duba,” ko “bari mu gani,” ko ya yi shiru ya kawo wani zance, ɗan gari ya gane an rufe ƙofa, baƙo ya tafi yana jiran alkawarin da ba a yi masa ba. Edward Hall, masanin al'adu ɗan Amurka, ya raba al'ummomi a littafinsa na 1976 zuwa masu zuba ma'ana duka a cikin lafazi da masu barin mafi yawanta ga hali da muƙami. Rabon yana da amfani, sai dai bai kamata a mai da shi hatimi ba, domin ko a cikin ƙasar Jega kawaicin Bafulatanin ruga ya fi na ɗan kasuwar gari nisa.

Nijeriya duka ta ga ƙarfin wannan salo na kawaici a ranar 31 ga Maris, 2015, sa'ad da ake tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a Abuja, tsohon minista Godsday Orubebe ya tashi ya katse aiki yana zargin shugaban hukumar zaɓe na wancan lokaci, Farfesa Attahiru Jega, da son kai. Farfesan bai ɗaga murya ba, bai tashi daga kujerarsa ba, ya saurara har mai magana ya gama, sa'an nan ya ba da amsa a taƙaice cikin natsuwa aka ci gaba da aiki. Wanda bai san wannan tarbiyya ba zai iya ɗaukar shirun farko rauni ko rasa hujja. Wanda ya tashi a cikinta kuwa ya san shiru ma magana ce, kuma haiba tana cikin mallakar kai.

Amma adalci bai yarda mu tsaya ga yabon urfinmu ba, domin akwai wuraren da kawaici ke komawa cuta. Matar da ta je awo ta kasa faɗa wa ma'aikaciyar jinya ainihin abin da ke damunta, ko ta ƙi ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari saboda alkunya har a rubuta kuskure a kati. Ɗalibin da ya ce “to” alhali bai fahimta ba, don kada ya kunyata malami. Manomin albasa na Aliero da ya ba da buhuna bashi ga ɗan kasuwar Legas ko Anaca a kan “ba komai” da girgiza kai, ba a ambaci ajali ba, ba a rubuta ba, ba a kafa shaidu ba. Duk waɗannan sun sa kunya a inda shari'a ta nemi bayani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma matan Ansar an yabe su ne da cewa kunya ba ta hana su tambayar hukuncin addini ba. Ishara tana isa a babin ladabi da zumunci, amma a babin haƙƙi da lafiya da ilmi, sarihin lafazi wajibi ne.

Abin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa shi ne, baƙi sun ƙaru, fatoma kuwa ya ragu. Tun da aka kafa tsarin bautar ƙasa a 1973 samari da 'yan mata daga kudu suke zuwa koyarwa a makarantunmu. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 ta tara ɗalibai da malamai daga nesa. Babbar hanyar da ta bi ta Jega zuwa Koko da Yawuri ba ta rabuwa da direbobi da 'yan kasuwa dare da rana. Mafi yawan waɗannan ba su sauka gidan kowa ba, babu wanda ya tsaya musu, babu wanda ya fassara su ga mutane ko ya fassara mutane gare su, sai kowane ɓangare ya tara ƙananan raunuka waɗanda ba a yi nufinsu ba, har ranar da ƙaramar gardama a tasha za ta tono su gaba ɗaya a kira ta rikicin ƙabila ko na addini.

Saboda haka nake ganin aikin da fatoma ya bari ya zama farali na kifaya a kan masu gari. Hakimai da limamai da shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin kasuwa su ne suka fi cancanta su karɓi baƙo a makonsa na farko, su zaunar da shi su bayyana masa hannu da ido da takalmi da gaisuwa, su kuma tambaye shi nasa urfin don su sanar da jama'a. Malaman makaranta su koya wa yara cewa ladabin gidansu gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ne ladabi a duniya ba. Shi kuma ɗaiɗaikun mutum, in ya ga motsin da ya sosa masa rai daga wanda ba ɗan garinsu ba, to, ya jinkirta fushi ya gabatar da tambaya, domin surar da ta sanar da mu cewa an yi mu ƙabila-ƙabila don mu san juna, ita ce ta hana mu yawan zato aya ɗaya kafin nan. Baƙo yana da uzurin jahilci har sai an sanar da shi. Mai gari kuwa, wanda ya san urfi kuma ya ga baƙo bai sani ba, ba shi da uzuri in ya yi shiru ya bar shi ya faɗa cikin kuskure sa'an nan ya kama shi da laifi.