Ɗariƙa da Mulki a Kano: Sharhi a kan Littafin John Paden

A shekarar 1973 masanin siyasa ɗan Amurka John Paden ya wallafa littafinsa mai suna Religion and Political Culture in Kano. Har yau da wuya ɗalibin tarihin ɗariƙun sufaye a ƙasar Hausa ya wadatu daga gare shi, don haka ya cancanci a auna shi da adalci.

Babbar fa'idar littafin ita ce bayyana yadda Ƙadiriyya da Tijjaniyya suka zama igiyar da ta ɗaure Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a zawiyya guda, alhali a da asali da unguwa ke raba su. Marubucin ya bi diddigin alaƙar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, da rawar malaman Salga, da yadda Shehu Nasiru Kabara ya farfaɗo da Ƙadiriyya. Ya kuma nuna cewa saɓanin ƙabalu da sadalu bai tsaya ga fiƙihu ba, ya zama alamar ɓangaren da mutum yake.

Sai dai ma'aunin Paden na masanin siyasa ne, wanda hankalinsa ke kan shugabanci da biyayya da haɗin kan jama'a. Da wannan ma'auni ana iya ɗaukar wuridi da wazifa da zikirin Juma'a tamkar tutar ƙungiya, alhali a wurin ma'abotansu hanyar tsarkake zuciya ce. Muridi yana karɓar ɗariƙa daga hannun muƙaddami ne domin neman kusanci ga Allah. Tasirinta a siyasa reshe ne, ba tushe ba. Wanda ya fassara tushe da reshe ya karanta rabin labari.

Duk da haka, bai kamata mu fake da wannan suka ba, domin tarihin da littafin ya kawo yana tuhumar mu. Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ya gaji mahaifinsa bayan rasuwarsa a 1953, ya haɗa sarauta da jagorancin Tijjaniyya, kuma murabus ɗinsa a 1963, a zamanin gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, ya girgiza 'yan'uwa da dama. Darasin a fili yake: idan zawiyya ta jingina da fada, duk guguwar da ta taɓa fada sai ta taɓa ta.

Sufaye ba su taɓa zama a gefen al'umma ba; Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, kuma ya jagoranci jihadin 1804. Tambayar ita ce wa ke ja-gorar wa. Shehin da ke yi wa mai mulki nasiha ba tare da kwaɗayin abin hannunsa ba ya riƙe amanar tarbiyya. Wanda ya mai da taron maulidi dandalin neman ƙuri'a kuwa, ya tabbatar da karatun Paden a kansa. Allah Ya sa mu dace.