Wa Ya Bar Ruwa? Nazari Kan Wautar Gwanaye a Fagen Langa

A dandalinmu na unguwar Jahun, cikin birnin Bauchi, an yi wani yaro da ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba a wasan langa. Kafaɗa gare shi kamar turmi, in ya bangaje ka sai ka ji haƙoranka sun haɗu. Amma duk ɓangaren da ya shiga, shi aka fi ci. Mun daɗe muna kiran abin rashin sa'a. Sai da na girma na gane cewa ƙarfin nan nasa shi ne ke kayar da mu.

Ga wanda bai tashi a dandali ba: kowane ɗan wasa yana kama yatsan ƙafarsa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar. Ka saki ƙafa ko ka faɗi, ka mutu. Kowane ɓangare yana da ɗan wasa ɗaya da ake kira ruwa, sauran kuma dawakai ne. In ruwa ya kai wurin sha, wanda a wurinmu gindin wata darbejiya ne, an ci wasa. In aka kashe ruwa kuwa an gama da ku, ko da dawakanku duka suna tsaye ƙyam. Wasan ke nan gaba ɗaya, kuma wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce gwanaye suka fi mantawa.

Abin da ya dawo mini da wannan tunani wani wasa ne na can Amurka, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Zama ake yi a kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda na tatsuniya: wannan mai takobi, wancan maharbi, wani matsafi, wani mai magani. Mutum ɗaya ne ke jan labarin, shi ke riƙe da dodanni, ana jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko sara ya samu. Ba gumi, ba ƙura, ba ƙujewar gwiwa. Amma da na bi irin kukan da masu wasan ke yi da junansu, sai na ji kamar a dandalinmu suka girma. Mai takobi ya ga dodo ya zabura shi kaɗai, ya bar matsafi a fili, alhali matsafin nan ba shi da sulke kuma shi ne ke riƙe da makamin da zai raba gardama. In an yi masa magana ya ce ai halin jaruminsa ke nan. Gwanin namu ma abin da yake cewa ke nan: “Ni ba na gadi.”

Wannan ce uwar kurakurai, kuma ba daga rashin wayo take fitowa ba, daga kwaɗayin suna ne. Da an ce a fara, gwaninmu zai hango mafi girma a ɗaya ɓangaren ya nufe shi. Abokan hamayya sun san shi sarai, don haka sai su tura masa wani ɗan firit mai zillewa, ya yi ta jan sa zuwa gefen fili. Yana can yana farauta, biyu sun zagayo ta bayan ruwanmu. Kafin ya waiwayo an tashi wasa, shi kuma yana tsaye da ƙafa a hannu yana tambayar wa ya bar ruwa.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. Yara sukan rarraba kansu, kowa ya zaɓi nasa abokin karo, kamar dai dambe ake yi. Ka bangaji naka ya yi tangal-tangal, sai ka juya ga wani kana ganin ka gama da shi. To wanda bai saki ƙafa ba bai mutu ba. Zai daidaita, ya huta, kuma kafaɗarsa tana nan da nauyinta. A wasan tebur ɗin nan an rubuta wannan a cikin ƙa'ida: dodon da saura maki ɗaya ya rage masa na rai, saransa daidai yake da na lafiyayye. Shi ya sa masu lura ke taruwa a kan ɗaya har sai ya faɗi. A langa ma biyu su haɗu a kan ɗaya, wannan ya tare gaba wancan ya zo ta gefen ƙafar da aka ɗaga, ya fi a raunata huɗu a bar su tsaye. Da an rage ɗaya, lissafi ya juya, sarkin yawa kuma ya fi sarkin ƙarfi.

Sai gajiya. Ƙafa ɗaya tana da iyaka, wanda ya ƙarar da ita wajen tsallen burga a farko, cinyarsa ke rawa lokacin da ruwa zai ratsa.

Ban ɗora laifin duka a kan yaran ba. 'Yan kallo ne ke koya musu. Ihu da tafi na wanda ya kayar da ƙato ne, ba wanda ke yi wa dokin da ya manne wa ruwa kirari. Abin mamaki, a wannan gari na Bauchi da Malam Yakubu ya kafa, duk hawan Sallah muna ganin darasin da idonmu: 'yan lifidi, mahaya mafiya nauyin kaya, ba su ne ke sukuwa a gaba ba, kusa da Sarki suke tafiya. Magabata sun ajiye mafi ƙarfi a inda faɗuwa ta fi tsada.

Yau langa ta shiga gasar wasanni ta ƙasa, wadda Bauchi ta karɓi baƙuncinta a 1991 da 2000, tare da dambe da kokawa. An kasa ta gida uku: ruwa, tureshi da kawoshi. Na ji daɗin wannan rabon, domin ya ba mai ƙarfi fagensa. Wanda ke son karo ya je tureshi, a nan ture abokin karawa shi ne cin wasa. Matsalar gwaninmu ita ce tureshi yake bugawa a tsakiyar wasan ruwa.

Dare ɗaya kawai na ga ya ci yadda ya kamata. Ya taka ƙaya da rana, ƙafar ba ta ba shi damar bin kowa ba, dole ya tsaya a gaban ruwa. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna karo da shi suna zubewa, ruwanmu kuma, wani siririn yaro ɗan makarantar allo, yana laɓe a bayansa yana bin sawunsa taku bayan taku, har hannunsa ya taɓa darbejiya. Da ƙafar ta warke ya koma farautarsa, muka koma shan kashi.