Federer ya tafi, dukan hannu ɗaya na shirin bin sa

Tun da Roger Federer ya ajiye raket a Landan a watan Satumban 2022, ake ta lissafa abin da ya tara a wasan tanis: manyan kofuna 20, takwas daga ciki a Wimbledon, da makonni 310 yana na ɗaya a duniya. Ni damuwata tana kan salon da aka san shi da shi, wato dukan bayan hannu da hannu ɗaya tak, wanda yanzu yake neman ɓacewa.

A watan Fabrairun 2024 Stefanos Tsitsipas na Girka ya faɗo daga sahun goma na farko, sai aka wayi gari babu mai wannan salo ko ɗaya a cikinsu, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara jera maza 'yan wasa a 1973. Grigor Dimitrov da Lorenzo Musetti sun leƙo daga baya, amma daga 2020 da Dominic Thiem ya ci gasar Amurka har ƙarshen 2025, duk namijin da ya ɗaga babban kofi da hannu biyu yake wannan dukan.

Masu horarwa suna da hujja, ban musa ba. Zaren raket na zamani yana murza ƙwallo ta yi tsalle har kafaɗa, kuma tare irin wannan da hannu ɗaya aiki ne ja. Da haka Nadal, abokin hamayyar Federer wanda da hagu yake wasa, ya shekara da shekaru yana gasa wa Federer aya a hannu: ya yi ta aika masa ƙwallo sama ta wannan ɓangaren har sai ya kuskure. Shi ya sa a karawarsu 40 Nadal ya ci 24. Ga kuma yaro ɗan shekara shida, wanda wuyan hannunsa bai yi ƙwari ba. Da hannu biyu zai fi saurin cin wasa, iyaye su ga amfanin kuɗinsu.

To amma masu wannan hujja sukan tsaya kafin ƙarshen labarin. Federer ya koma raket mai faɗin kai a 2014, ya ɗauko Ivan Ljubicic, wanda shi ma da hannu ɗaya ya yi zamaninsa, sannan ya koma tarar ƙwallon da wuri tun kafin ta tashi sama. A wasan ƙarshe na gasar Ostireliya a 2017, yana ɗan shekara 35, bayan wata shida yana jinyar gwiwa, Nadal na gabansa da 3 da 1 a zagaye na biyar, sai Federer ya ci biyar a jere ya ɗauke kofin. Cikin karawa biyar da suka biyo baya, sau ɗaya Nadal ya yi nasara, shi ma a jar ƙasar Faris. Kar kuma a manta da yadda Stan Wawrinka ya ragargaji Djokovic da hannu ɗaya a Faris ɗin a 2015.

Saboda haka a ganina salon bai gaza ba, gajen haƙurin masu koyarwa ne yake kashe shi. Ya fi daɗewa kafin ya nuna, amma yana ba ɗan wasa nisan kaiwa ga ƙwallo, da yankan da ke sa ta kwanta ƙasa, da sauƙin wasa a bakin raga. Mai horarwa, in ka ga yaro hannunsa na hagu yana sakin raket da kansa, ƙyale shi. Ka bar shi ya sha kaye na shekara biyu ko uku kafin ka yanke masa hukunci.