A Bar wa Doña Bárbara Ƙasarta

Sama da shekara 80 ke nan da fitowar fim ɗin Doña Bárbara a Meziko, a 1943, kuma har yau masu shirya finafinai da Sifaniyanci ba su daina komawa kan labarin ba. Abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da aka koma sai an rage wa matar nan wani abu, kuma ƙasarta ake ragewa.

Fernando de Fuentes ne ya ba da umarni a fim ɗin na 1943. An ɗauko labarin daga littafin da Rómulo Gallegos ya fitar a 1929, marubucin nan na Benezuwela da ya hau shugabancin ƙasarsa a 1948, sojoji suka hamɓarar da shi kafin shekarar ta ƙare. María Félix ce ta fito a Bárbara, ta kuma shiga rigar sosai har laƙabin La Doña ya bi ta zuwa rasuwarta a 2002.

Bárbara ta asali mace ce da ta san dukiya ciki da waje. Tana da makeken filin kiwo mai suna El Miedo a yankin Apure. Da dabara ta raba Lorenzo Barquero, uban 'yarta Marisela, da gadonsa, ta bar shi giya na cin sa. Yaranta kan matsar da iyaka a ɓoye, su kore shanun maƙwabta a buga musu tambarinta. Idan an kai ƙara, jami'in hukuma na yankin yana aljihunta. Shi ya sa da lauya Santos Luzardo ya dawo daga Karakas ya karɓi Altamira, filin gidansu, makaminsa shinge ne da takardar doka. Duk wanda ya taɓa zama wurin sasanta rikicin iyakar gona ya san yadda taku biyu na ƙasa ke raba zumunci, kuma zai gane faɗan nan ba sai an yi masa bayani ba.

To, a 2008 tashar Telemundo ta mayar da labarin fim mai dogon zango tare da Edith González. Shanu da dawakai suna nan, amma soyayyar Bárbara da Santos da kishin uwa da 'ya suka mamaye komai. A 2016 aka sake, da suna La Doña. Aracely Arámbula ta zama Altagracia Sandoval, mai kamfanin gine-gine a birnin Meziko, tana farautar mazan da suka yi mata fyaɗe tana yarinya. Filin kiwo ya ɓace ɗungurungum.

Fyaɗen yana cikin labarin asali, ma'aikatan jirgin ruwa ne suka yi mata shi, aka kuma kashe saurayinta Asdrúbal. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma 'yan wasan biyu sun nuna zafinsa da gaske. Sai dai Gallegos ya faɗi wannan ya wuce zuwa ga yadda ta gina mulkinta. Masu sabuntawa kuwa sun tsaya a kan ciwon, kamar mace ba za ta so mulki da dukiya ba sai an nemo mata uzuri. Azzalumin attajiri namiji a fim, wa ke tambayar abin da aka yi masa yana yaro kafin a yarda da kwaɗayinsa? Ina ganin wannan tausayin ya ƙasƙantar da ita. Ya karɓe mata wayonta, lissafinta, har da laifinta.

Akwai kuma asarar da ƙarshen labarin ya yi. Bárbara ta auna 'yarta da bindiga, ta kasa harbawa, ta bar mata komai ta tafi. Wannan tafiya tana girgiza mai kallo ne saboda ya ga yadda aka tara kowace saniya da kowane taku na filin, da waɗanda aka zalunta wajen tarawa. Idan fim bai nuna mana ta tana ƙirga garke tana sayen alƙali ba, ba mu san girman abin da ta ajiye wa Marisela ba.