Sunan takarda da sunan kasuwa: sharhi a kan dabarar ƙidayar sunayen iyali, daga Ingila zuwa Babbar Kasuwar Yamai

1. Gabatarwa

A shekarar 1890 wani likita ɗan Ingila mai suna Henry Guppy ya fitar da littafin Homes of Family Names in Great Britain, inda ya yi ƙoƙarin gano mazaunin asali na sunayen iyalan ƙasarsu. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya ɗauki jerin sunayen manoma na kowane lardi, saboda a ganinsa manomi shi ne wanda ba ya yawan ƙaura, ya ƙidaya sau nawa kowane suna ya fito cikin mutum 10,000, sannan ya kwatanta lardi da lardi. Inda suna ya fi yawa, nan ne gidansa. Waɗanda suka biyo bayansa sun faɗaɗa aikin da ƙidayar jama'a ta 1881 da jerin masu zaɓe, har aka kai ga ƙamus ɗin Oxford na 2016 mai ɗauke da sunaye fiye da 45,000. A yau ana iya ɗaukar suna guda marar yawa, a zana taswirar yaɗuwarsa daga ƙauye ɗaya zuwa biranen masana'antu, daga nan zuwa Amurka da Ostareliya.

Tun da aka fara zuba sunayen masu zaɓe da na ƴan makaranta cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa a ƙasarmu, wannan dabara ta zama abin sha'awa ga ɗalibin tarihi ko na labarin ƙasa, domin ga jerin sunaye a shirye, ƙidaya kawai ya rage. Manufar wannan sharhi ita ce mu auna dabarar a Babbar Kasuwar Yamai. Abin da muke son nunawa shi ne, in aka ɗauke ta yadda take aka ɗora a kan sunayen Hausawa, taswirar da za ta fito ta alƙalamin magatakarda ce, ba ta zuriya ba.

2. Sharuɗɗan da dabarar ta dogara a kansu

Dabarar Guppy ba ta aiki sai an cika sharuɗɗa uku. Na farko, sunan ya zama na gado, wato ya bi daga uba zuwa ɗa zuwa jika ba tare da ya canza ba. A Ingila masu mulki ne suka fara wannan al'ada bayan 1066, kuma wajen 1400 yawancin iyalai sun riga sun kafu a kan suna guda. Na biyu, a sami rubutu mai ɗorewa: majami'un Ingila sun fara ajiye littafin haihuwa da aure da mutuwa tun 1538, gwamnati kuma ta kafa nata a 1837. Na uku, sunan ya zama marar yawa, ta yadda za a iya zaton masu shi daga tsatso ɗaya suka fito. Binciken da Turi King da Mark Jobling suka buga a 2009 a kan ƙwayoyin gado na maza ya ƙarfafa wannan zato: mazan da suka haɗa suna marar yawa sun fi zama ƴan kaka ɗaya a kan masu suna gama-gari irin Smith.

Ya kamata a yaba wa dabarar a inda waɗannan sharuɗɗa suka cika. Amma ko a tsibirin Biritaniya tana da iyaka. Mutanen yankin Wels sun daɗe suna kiran mutum da sunansa da na ubansa, kamar yadda muke yi. Da suka koma ga suna na gado, sai dubban gidaje da ba su haɗa komai ba suka wayi gari da suna Jones ko Williams, don kawai uban kowannensu John ne ko William. Taswirar Jones ba ta nuna ƙaurar wani iyali. Halinmu ya fi kusa da na Wels kafin wannan canji.

3. Abin da ake tararwa a Babbar Kasuwa

Babbar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, ta ƙone a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Wuri ne da ya dace da gwaji, saboda Yamai, wadda ta zama babban birni a 1926, ta tara baƙi daga ko'ina: Adarawa daga yankin Tawa, Arawa daga Dogon Dutsi, Kurfayawa daga Filinge, Katsinawa da Gobirawa daga Maraɗi, Damagarawa, ga Zabarmawa da Buzaye da Yarbawa da mutanen Mali. Kowane mai shago yana da suna a takardar haya da ta haraji. Me wannan suna yake faɗa?

3.1. Sunan uba ba sunan iyali ba ne

Mu ɗauki misali na ƙaddarawa. A ce wani mai sayar da atamfa sunansa Isa, ubansa Garba, kakansa Mamman. A takarda shi Isa Garba ne, ubansa Garba Mamman, ɗansa kuma Sani Isa. Mutum uku na gida ɗaya, shago ɗaya, amma a gurbin da Faransawa suka tanadar wa sunan iyali akwai sunaye uku dabam-dabam. Mai ƙidaya zai ga Mamman ya ragu, Isa ya ƙaru, ya ce wata zuriya ta ƙaura wata ta shigo, alhali ba wanda ya motsa daga inda yake. Ta ɗaya gefen kuma, duk Garba da ke cikin jerin zai haɗa su gida ɗaya, ko da wani daga Madawa yake wani daga Gaya.

Ƙari a kan haka, wasu sunayen namu lissafi ne. Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu suna nufin Muhammadu na ɗaya har zuwa na biyar a gida. Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe ranar haihuwa suke nunawa, Tanko kuma namijin da ya biyo bayan mata. Irin waɗannan sunaye kowane gida yana iya haifar da su daga kansa, ba sai ya gada ba.

3.2. Hannun magatakarda

Faransa ta hana canza sunan da ke cikin takardar haihuwa tun dokar 1794, kuma da wannan tunani ma'aikatanta suka zo. Takardarsu tana da gurbi biyu, nom da prénom. Wane suna za a sa a wane gurbi? Ba a taɓa daidaita amsar ba, shi ya sa har shugabannin ƙasa ake juya sunansu: a gida a ce Tandja Mamadou da Issoufou Mahamadou, a jaridun waje a ce Mamadou Tandja da Mahamadou Issoufou. In haka ta faru ga shugaban ƙasa, ina ga mai tebur a bakin kasuwa?

Sai kuma rubutu. Suna ɗaya, Muhammadu, yana fitowa a matsayin Mahamadou, Mahamane, Mamane, Maman ko Mohamed, gwargwadon kunnen wanda ya rubuta. Da an tsallaka iyaka zuwa Katsina ko Sakkwato sai Ousmane ya koma Usman, Aboubacar ya koma Abubakar, Laouali ya koma Lawal. Wa da ƙane, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Jibiya, na'ura za ta raba su. Sunan da ya bayyana marar yawa a jeri sau da yawa kuskuren alƙalami ne na rana ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga littafin ba sam. Binciken lafiyar jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne kawai na ƙananan yara aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar, na 2012 kuma kashi 64. Da yawa daga cikin dattawan kasuwa takardar alƙali suka riƙe, wadda ake kira jugement supplétif, mai cewa an haife su wajen shekara kaza. An yi ta ne lokacin da buƙata ta taso, ko don makaranta ko don aikin hajji. Ba mu da abin da ya yi kama da littattafan majami'un Ingila na shekaru ɗari huɗu.

3.3. Sunan da kasuwa ta sani

Wanda ya shiga kasuwa yana neman mutum da sunan takardarsa zai sha yawo. Abin da aka sani shi ne Alhaji Mai Turare, ko Mai Goro, ko Ɗan Tawa, ko Yaron wane. Laƙabin sana'a da na gari da na ubangida su ne ke aiki, da su ake ba da bashi, da su ake aika kaya. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda dangantakar ubangida da bara take riƙe da kasuwanci, har baran ya tara jari ya tsaya da ƙafarsa. Wannan sarƙa ita ce ke kai mutum daga Maraɗi zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Kwatano ko Lome, kuma ba ta barin sawu a gurbin nom. Akwai ma alkunya: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, wanda aka sa wa sunan kaka kuma sai a ce da shi Abba ko Baba, har laƙabin ya danne sunan yanka ya shiga takarda.

4. Inda dabarar take iya aiki

Ba mu ce babu sunan gado a yankinmu ba. Mutanen Mande suna da nasu, irin su Ture da Sise da Kulibali, Sonrai kuma suna da Maiga, wanda ake samu daga Gawo zuwa Tilaberi. A kan irin waɗannan ana iya gwada ƙidaya, ko da yake yawansu ya sa ba a iya cewa duk masu su jini ɗaya ne.

A cikin Hausawa ma akwai sunaye kaɗan da suka kafu a ƙarni na 20, kuma misali mafi haske shi ne Ɗantata. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji wajen 1877 ya rasu a Kano a 1955, ya sami laƙabin ne daga Tata, matar da ta rene shi. Ya yi fataucin goro zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau, sannan ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ƴaƴansa, irin su Sanusi da Aminu wanda ya rasu a 2025, sun riƙe sunan, jikoki ma haka. Ga suna marar yawa, mai tushe ɗaya sananne, mai shekaru fiye da ɗari: duk sharuɗɗan Guppy sun cika. Amma a lura da abu biyu. Sunan ya kafu ne saboda ya zama jari, ana buɗe ƙofar banki da shi. Sannan ko a nan ƙidaya za ta yi kuskure, domin Aliko Ɗangote, wanda mahaifiyarsa ƴar Sanusi Ɗantata ce, ba zai fito a taswirar ba. Haka Ƴar'aduwa a Katsina, daga Musa zuwa ƴaƴansa Shehu da Umaru: mulki ne ya riƙe sunan. Taswirar sunayen gado a ƙasar Hausa taswirar masu kuɗi da masu mulki ce.

A Nijeriya makarantun boko sun haifar da wata al'ada, ta liƙa wa ɗalibi sunan garinsa: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wannan yana da amfani ga mai nazarin ƙaura, tun da yana faɗin inda mutum ya fito. Sai dai gari yake nunawa, ba gida ba, kuma a Nijar al'adar ba ta yi ƙarfi a takarda ba.

5. Abin da ya kamata a ƙidaya

Hanyar da ta fi dacewa da mu tana cikin aikin Paul Lovejoy na 1980 a kan fataken goro. Bai ƙidaya sunaye ba, asali ya bi. Ta hanyar hira da tsofaffin fatake ya nuna yadda Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Buzaye, da Kambarin Barebari na Gumi, suka riƙe hanyar Gwanja. Alhasan Ɗantata kansa Ba'agale ne, abin da sunansa ba ya faɗa. Asali shi ne abin da Bahaushe ke gada ba tare da ya canza ba, kuma ana gane shi ta zanen fuska a wurin dattawa, ta kirari, ta wanda ake aura da wanda ake wasa da shi. Wasan barkwanci na Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014, tsakanin al'ummomi yake gudana, kamar Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, ba tsakanin sunayen takarda ba.

Saboda haka ɗalibin da ke son sanin yadda wani gida ya yaɗu a Babbar Kasuwa sai ya ajiye jerin sunaye ya shiga layi-layi. Ya tambayi mai shago garin da ya fito, da sunan ubansa da na kakansa, da wanda ya kawo shi Yamai, da wanda ya ba shi jarin farko, da inda ƴan'uwansa suke ciniki. Ya tambayi inda shagon gidan yake kafin gobarar 1982, domin wannan shekara kowa yana tuna ta, kuma za ta ba shi ma'aunin lokaci. Bayan haka ne takardun hukuma za su yi masa amfani, a matsayin shaida ta biyu.

6. Kammalawa

Wannan magana ba ta tsaya ga masana ba. A ƙasar da iyaka ta raba gida ɗaya biyu, wanda ya ɗauki rubutun suna a matsayin hujjar asali yana iya mayar da ɗan ƙasa baƙo don an rubuta Usman maimakon Ousmane, ko ya hana magaji gadonsa don takardarsa ba ta yi daidai da ta ubansa ba. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma linzamin mutum ɗaya ne, wanda aka raɗa masa ran bakwai. Dabarar Guppy ta dace da ƙasar da aka yi ta dominta. Kafin mu are ta, sai mu fara tantance abin da gidajenmu suke gada, mu ƙidaya shi.