Zanen Rufin Ƙusairu Amra: Nazari da Sharhi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci gine-ginen Banu Umayya, abin da yakan fara zuwa a ran almajirin tarihi shi ne Ƙubbatus Sakhra ta birnin Ƙudus, wadda aka gama a wajen 691, da kuma Babban Masallacin Dimashƙa. Ba safai ake tunawa da wani ɗan gini na farar duwatsu da ke cikin hamadar ƙasar Jodan ba, kimanin kilomita 85 gabas da Amman, a bakin kwarin da ake kira Wadil Buɗum. Sunansa Ƙusairu Amra, watau ƙaramar fada. Daga waje ba shi da wani kwarjini, amma cikinsa, tun daga gindin bango har zuwa rufi, zane ne na mutane da dabbobi da tsirrai da taurari.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu ɗaga kai mu dubi rufin. Mafi yawan abin da aka rubuta game da ginin ya tattara ne a kan bango, musamman hoton sarakuna shida da hotunan masu wanka. A ganinmu rufin ya fi bangon bayyana hankalin masu aikin, kuma a nan ne za a iya auna gwanintarsu da kasawarsu. Hukuncin shari'a game da sura fage ne na malaman fiƙihu, kuma littattafansu sun wadatar. Namu aikin shi ne nazarin fasaha.

2.0 Ginin da Mai Shi

Ƙusairu Amra sassa uku ne: zauren baƙi, da gidan wanka, da rijiya mai na'urar jan ruwa wadda dabba ke kewayawa tana juya ta. Zauren an raba shi layi uku da manyan bakuna biyu, irin waɗanda maginanmu za su kira bakan gizo, kowane layi da rufinsa mai lanƙwasa kamar rabin ganga. A ƙuryar kudu akwai ɗan lungu inda aka zana basarake zaune a kan gado. Gidan wankan kuwa ɗakuna uku ne a jere bisa tsarin Rumawa: ɗakin tuɓe tufafi, da ɗaki mai ɗumi, da ɗaki mai zafi wanda ake hura wa wuta daga baya, zafin yana bi ta ƙarƙashin daɓe.

Masana sun daɗe suna saɓani kan wanda ya gina shi. Da yake sunan Luzariƙu, sarkin Andalus da Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ci da yaƙi a 711, yana cikin sunayen sarakunan nan shida, an tabbata aikin bai riga wannan zamani ba, shi ya sa wasu suka jingina shi ga Halifa Walidu ɗan Abdulmalik (705 zuwa 715). A 2012 masu gyara suka tono wani rubutun Larabci a saman taga, mai addu'a ga Walidu ɗan Yazidu, ba tare da laƙabin halifa ba. Wannan ya nuna an yi aikin lokacin da Walidu yake yarima mai jiran gado, a zamanin baffansa Hishamu (724 zuwa 743). Shi kansa Walidu bai daɗe a kan gadon ba, domin ya hau a 743, aka kashe shi a 744.

3.0 Hannuwan da Suka Taɓa Zanen

Kafin mu yanke hukunci a kan kowane hoto, wajibi ne mu san hannu nawa ya bi ta kansa. Shekaru aru-aru makiyaya suna fakewa a ginin suna hura wuta, hayaƙi ya dusashe launuka, matafiya kuma suka yi ta ƙarce sunayensu a bango. A 1898 Alois Musil, wani masani daga daular Ostiriya, ya isa wurin. Ya komo a 1901 tare da mai zane Alphons Mielich, suka goge bangon da magunguna masu ƙarfi don su kwafi hotunan, suka kuma ɓamɓare wasu ɓangarori waɗanda suka ƙare a gidan tarihi na Balin. Littafinsu ya fito a Biyana a 1907. Daga 1971 zuwa 1974 wata ƙungiya daga Sifen, a ƙarƙashin Martin Almagro, ta ƙarfafa ginin, ta maimaita wasu layukan zanen, ta shafe su da wani ƙaro mai sheƙi wanda daga baya ya rine ya koma rawaya. UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1985. Gyaran da aka soma a 2010, da haɗin gwiwar hukumar kayan tarihi ta Jodan da masana daga Italiya da World Monuments Fund, shi ne ya ɗauke ƙaron nan, launuka na asali suka bayyana, har da shuɗi mai tsada na dutsen lazawardu, da hotunan ƙissar Annabi Yunusa waɗanda a da ba a gane su ba.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake. Sharhi da yawa da aka yi a ƙarni na 20, inda ake cewa zanen yana da duhu ko layukansa suna da kauri, a haƙiƙa sharhi ne a kan hayaƙi da ƙaro da burushin mai gyara. Mai nazari da ya dogara ga tsofaffin hotuna kaɗai yana iya ɗora wa mai zanen ƙarni na 8 laifin mutumin ƙarni na 20.

4.0 Rufi Uku

4.1 Rufin Masu Sana'a

Mai ziyara da ya shiga zaure ya karkata hagu, zuwa layin gabas, zai ga an raba rufin gida-gida har 32. A kowane gida akwai mutum ɗaya ko biyu a bakin aiki: mai fasa dutse, da mai sassaƙa shi, da raƙumin da aka ɗora wa kaya, da maƙeri a gaban uwar maƙera, da kafinta da zartonsa, da mai kwaɓa shafe. Idan aka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, labarin yadda ake tayar da gini ne, tun daga wurin haƙar dutse.

A nan ne muke ganin mai zanen ya fi sakin hannu. Sarakunan nan shida da ke bangon yamma, watau Ƙaisar na Rum, da Kisra na Farisa, da Najashi na Habasha, da Luzariƙu, da biyu waɗanda sunayensu suka goge, a tsaye suke ƙyam, suna fuskantar mai kallo, kamar yadda aka gada daga fadojin Rum da Farisa. Masu sana'a kuwa kowa ya duƙufa, kafaɗa ta lanƙwasa, hannu ya ɗaga guduma, babu mai kula da wanda ke kallonsa. Ana iya kushe su da cewa gaɓoɓin wasu ba su daidaita ba, kuma babu zurfin fili a bayansu. Wannan gaskiya ne. Amma hoton da za a hanga daga ƙasa, cikin hasken 'yan ƙananan tagogi, abin da yake bukata shi ne motsi bayyananne da kayan aiki da ido zai gane nan take, kuma mai zanen ya ba da su.

Abin lura kuma shi ne matsayin da aka ba su. A zauren da yarima ke karɓar baƙi, talakawa masu aikin hannu ne ke bisa kan kowa. Ba mu ce wannan tausayin talaka ba ne, domin sarakunan dā sukan yi alfahari da gini, kuma nuna yawan ma'aikata hanya ce ta nuna ƙarfin mai gida. Duk da haka sakamakon ɗaya ne: ginin ya adana mana kamannin irin mutanen da suka gina shi, abin da littattafan tarihin zamanin ba su damu da shi ba.

4.2 Rufin Ɗakin Tuɓe Tufafi

Daga zaure ƙofa ƙarama ce ke kai mutum ɗaki na farko na gidan wanka. Rufinsa ya fi na zaure kusa da ido, salon kuma ya sake. An ja rassa masu ganye sun giggitta juna kamar saƙar raga, a kowane ido na ragar aka sa halitta guda: barewa, da tsuntsaye, da mai busa sarewa, da mai rawa, da biri a tsaye yana tafi, da dabbar nan da Larabawa ke kira dubbu, zaune tana kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya irin molo. A tsakiyar rufin an jera fuskoki uku, waɗanda masana da dama ke fassarawa da matakan rayuwar ɗan Adam: ƙuruciya, da ƙarfi, da tsufa.

Wannan tsari na raga an san shi a daɓen duwatsu masu launi na majami'u da gidajen ƙasar Sham kafin zuwan Musulunci da bayansa. Watau mai aikin ya ɗauki adon da aka saba takawa da ƙafa ya mayar da shi sama. Dabarar ta dace da ɗakin, domin wurin hutawa ne, mutum yana kishingiɗe idonsa na yawo daga gida zuwa gida ba tare da an tilasta masa bin wani labari ba. Idan fassarar fuskokin nan uku ta inganta, to raha da wa'azi sun haɗu a rufi guda: biri na tafi a gefe, furfura na jira a tsakiya.

4.3 Ƙubbar Taurari

Ɗaki mai zafi shi ne ƙarshen tafiya, kuma shi kaɗai ke da ƙubba, irin abin da maginanmu ke kira tulluwa, da tagogi huɗu a gindinta. A cikinta aka zana sararin samaniya: taurarin arewa a tsakiya, inda ake ganin babbar dubbu da ƙarama da macijin da ya ratsa tsakaninsu, sannan burujai a kewaye. Burujin Ƙausu, rabi mutum rabi doki yana jan baka, yana cikin waɗanda suka fi fitowa. Malamanmu masu ilmin hisabi sun san sunayen burujan nan sarai, ko da yake a lissafi suka san su, ba a sura ba. Wannan ita ce taswirar sama mafi tsufa da ta wanzu a kan rufi mai siffar rabin ƙwallo, kuma Fritz Saxl da Arthur Beer sun yi nazarinta a littafin Creswell na 1932.

Abubuwa biyu suka fito daga nazarin. Na farko, layukan da suka raba burujai 12 ba su taso daga tsakiyar ƙubbar ba, sun taso ne daga wani wuri a gefe kaɗan, wanda ya dace da cibiyar da'irar da rana ke bi a shekara. Wannan shaida ce cewa abin da aka kwafa aikin masani ne. Na biyu, an jera taurarin a juye, kamar yadda mutum zai gan su in yana kallon ƙwallon sama daga waje, alhali mai wanka a ƙarƙashin ƙubba yake, ya kamata ya ga sama yadda take bisa kansa. Ashe mai zanen littafi ko ƙwallo ya duba, bai fita waje ya duba dare ba. Ta fuskar ilmi wannan aibi ne, kuma bai kamata a ɓoye shi don ƙaunar ginin ba. Ta fuskar ado kuwa, zaɓen ƙubba ta zama sama, a ɗakin da tururi ke tashi haske na ratsa shi, shi ne tunani mafi kyau a ginin duka.

5.0 Fassarori Biyu da Muke Ja da Su

Akwai masu ɗaukar Ƙusairu Amra hujja a kan shagalar Banu Umayya, suna kafa dalili da labaran Walidu da ke cikin tarihin Ɗabari da Kitabul Agani. Sai dai waɗannan littattafai an rubuta su ne a zamanin Abbasiyawa, waɗanda suka kawar da Umayyawa a 750, don haka ana karanta su da taka-tsantsan. Bugu da ƙari, gidan sarautar da ya yi wannan zane shi ne ya ƙawata masallacin Dimashƙa da itatuwa da koguna da gidaje ba mutum ko ɗaya, shi ne kuma ya cire sura daga kan dinari a wajen 697. Sun san bambancin wurin ibada da gidan wanka, kuma kowanne sun yi masa adon da suka ga ya dace da shi.

Akwai kuma masu ganin ginin a matsayin ragowar fasahar Yunanawa kawai, saboda rubutun Yunananci da ke jikin wasu hotuna da kuma siffofin burujai. Babu musun cewa masu aikin sun koyi sana'arsu a al'adar Sham ta zamanin Rumawa. Amma wanda ya tara Ƙaisar da Kisra da Najashi a bango guda, ya rubuta sunayensu da Larabci da Yunananci, ya sa addu'a ga yarima Musulmi a saman taga, yana magana ne da harshen sabuwar daula wadda ke ganin kanta magajiyar dukkansu. Kayan aro ne, amma ɗinkin na mai gida ne.

6.0 Kammalawa

Mun bi rufi uku kamar yadda ƙafar mai ziyara ke bin su: aikin hannu a zaure, raha da shekarun mutum a ɗakin tuɓe tufafi, taurari a ɗaki na ƙarshe. Ba mu da'awar cewa Walidu ya tsara su don su zama darasi guda, amma jerin yana nan ga duk mai ido. Hukuncinmu shi ne rufin masu sana'a ya fi rai, na ɗakin tufafi ya fi dacewa da wurinsa, ƙubbar kuwa ta fi girman buri ko da ta yi kuskuren juya sama.

Muna kira ga abokan aikinmu masu koyar da tarihin fasahar Musulmi su sa wannan gini cikin manhaja tare da masallatai, su kuma yi amfani da hotunan da aka ɗauka bayan gyaran da aka soma a 2010. Haka nan, duk wanda aka ɗora wa kula da tsohon soro mai zane, a fada ko a gidan tarihi, ya tuna da abin da ƙaron nan ya yi wa Ƙusairu Amra: a ɗauki hoto a rubuta bayani kafin a taɓa, kuma kada a shafa abin da na baya ba zai iya cirewa ba.